Tudun da Ya Shigo Ɗaki

Da can gidan burodi ne nan.
Har yau in ruwa ya sauka
bango yakan tuna da ƙanshin ƙullu.
Ni ke riƙe da makulli, ni ke shara,
ni Graciete, mai shekara sittin da bakwai,
ni ke gaya wa baƙi: a duba da ido, ban da hannu.

Su huɗu suka zo daga Lisbon da Porto
bayan gobarar bara waccan,
suka hau tudunmu da takalma masu tsada,
suka sauko, kowa da abin da ya tsinto.

Telmo ya kwaɓa toka da man zaitun,
ya shafe yadi mai faɗin ƙofa biyu.
Baƙi ne wuluk, sai ka matso
ka ga ashe baƙin ma suna ya tara:
akwai na itacen da ya ƙone a tsaye,
akwai na wanda ya faɗi tukuna.
Wannan kam ya gani. Na sallama masa.

Benedita ta sayi gashin tumakin Anselmo,
waɗanda wuta ta bari, goma sha ɗaya,
ta saƙa kwarinmu tun daga rafi har gindin dutse.
Amma ta sa rafin a hagu.
Na ce, 'yar nan, ai a dama yake.
Ta ce ita ta wancan gefen ta tsaya.
Shekara sittin ina kallon kwarin nan,
ban taɓa tsayawa ta wancan gefen ba.

Valdemar bai rataya komai ba.
Kujera ɗaya, da abin sawa a kunne.
Kwana bakwai ya yi a tudu yana naɗar iska.
An ce gani ya kori ji,
shi ya sa na raina aikinsa,
sai ran Talata da babu kowa na zauna.
Na ji ƙararrawar wuyan akuya can nesa,
na ji tsakuwa tana gangarowa,
sai kuma shiru mai tsawo
daidai inda ya kamata tsuntsaye su shigo.
Na cire. Na je na goge tagar da na riga na goge.

Ita kuwa Iolanda yumɓu ta haƙo
daga inda gonar inabin babana take.
Ba ta sani ba, ni ma ban faɗa ba.
Ta gina kwano tara, ta gasa,
uku suka tsage a wuta, ta jera su a haka.
An rubuta kuɗinsu a 'yar takarda:
kwano ɗaya ya fi abin da gonar ke bayarwa a kaka.
Dariya ta taso min, ta tsaya a wuya.

Jiya Anselmo ya shigo da hula a hannu
kamar mai shiga coci,
ya bar karensa a bakin ƙofa.
Ya wuce toka, ya wuce yumɓu,
ya tsaya gaban saƙa, ya daɗe.
Can ya miƙa yatsa ya taɓa wani zare mai ruwan ƙasa,
ya ce, wannan na Castanha ne,
na san gashinta, da sanyin bana ta mutu.
Doka ta ce ban da hannu.
Na juya ina neman tsintsiya.

Da yamma in na kashe fitilu
nakan leƙa ta 'yar tagar baya.
Tudun yana nan, ba suna a ƙasansa, ba farashi,
ya fara tsiro ta gefen arewa,
wani kore shar da babu ko ɗigonsa a ɗakin nan.
Gobe zan gaya wa Telmo.
Ko kuwa in bari.
Wa ke son a ce masa abin da ya zana
ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ci gaba da tafiya?